Harufa Biyu a Bayan Suna

Ba za mu ambaci sunan yarinyar ba, domin 'yar fari ce, kuma shekarun da muka yi a Amurka ba su raba mu da alkunyar da muka taso da ita ba. Abin da za mu iya faɗa shi ne, tun tana firamare ta ce ita likita za ta zama, mu da mahaifiyarta kuwa muka ɗauki maganar muka yi ta yayatawa, har 'yan'uwa a gida suka shiga kiranta Dakta tun ba ta daina gudun allura ba.

Ya kamata mai karatu ya san cewa hanyar likitanci a Amurka ba irin tamu ba ce. A gida, yaro yakan fito daga sakandare ya shiga jami'a ya yi shekara shida. A can kuwa sai ya gama digirin farko na shekara huɗu, ya zauna wata jarrabawa da ake kira MCAT, wadda ke cin fiye da sa'a bakwai, makinta kuma daga 472 ne zuwa 528, sa'an nan ya nemi makarantar likitanci ta wasu shekaru huɗun. Bayan wannan ma akwai horon ƙwarewa a asibiti, daga shekara uku zuwa bakwai. Yarinyar ta sami maki 505. A shekarar 2021 ta rubuta wa makarantu 18 masu ba da digirin MD, wato wanda kowa ya sani. Biyu suka kira ta ganawa, babu wadda ta ɗauke ta. Watanni muka yi muna kauce wa wayar gida.

Wata rana bayan sallar isha'i ta same mu a falo, ta durƙusa ta ce, “Baba, Umma, akwai wata ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba.” Ta yi mana bayanin makarantun ostiyofati, waɗanda ke ba da digirin DO, ta ce bayan duk abin da ake koya wa likita, ana ƙara musu aikin hannu a kan ƙashi da tsoka da gaɓoɓi. Ba mu bari ta kai aya ba. Muka ce, ashe duk wannan wahala ɗori za ki koya? Da labarin ya isa gida, yayanmu ya kira yana dariya, ya ce, “To in ɗori ne ai sai ku turo ta. Ga maɗorin unguwarmu nan, shi ba ya karɓar dala.”

Dariyar ta yi mana ciwo, kuma ciwon ne ya sa muka tashi bincike. Wanda ya kafa wannan fanni wani likita ne mai suna Andrew Taylor Still. A shekarar 1864 sanƙarau ya kashe masa 'ya'ya uku, magungunan zamanin kuwa, irin su zaiba da zubar da jini, sau da yawa sun fi cutar illa. A 1874 ya fito da ra'ayinsa cewa yawancin cututtuka daga gocewar ƙashi da takurar jijiyoyi suke, gyaransu kuma da hannu ne. Har ya taɓa tallata kansa da sunan maɗori mai saurin walƙiya, saboda haka yayanmu bai yi nisa da gaskiya ba ƙwarai. A 1892 ya buɗe makarantarsa a wani ƙaramin gari, Kirksville, cikin jihar Misuri. Mafi yawan abin da ya yi iƙirari bai tsaya a gaban kimiyya ba, kuma magadansa da kansu sun bar shi, sun rungumi magani da tiyata. Abin da ya saura shi ne darasin aikin hannu na kamar sa'a 200, wanda yakan taimaka wa mai ciwon baya, wanda kuma da yawa daga cikin likitocin ba sa komawa kansa bayan sun gama.

Labarin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na jihar Kalifoniya. A 1962 aka ba likitocin DO na jihar damar biyan dala 65 a musanya musu harufansu da MD, kusan 2,000 suka karɓa. Muka ce ashe ba mu kaɗai harufan nan biyu suka taɓa hana barci ba. Amma yanzu babu jihar da ba ta ba su cikakken iznin aiki ba, a 2020 kuma aka kammala haɗe horon ƙwarewar ɓangarorin biyu a ƙarƙashin hukuma guda. Kusan ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likitanci a ƙasar a irin waɗannan makarantu suke. Likitan fadar shugaban ƙasa daga 2018 zuwa 2021, Sean Conley, DO ne, haka ma Kevin O'Connor da ya gaje shi. Wannan muka aika wa yayanmu, ba don komai ba sai don mu rama. Sai dai a Ingila da wasu ƙasashe mai ostiyofati ba likita ba ne, aikin hannun kawai yake yi, ruɗanin mutanenmu kuma yana da tushe a nan.

A watan Mayu na 2022 aka buɗe karɓar takardu. Akwai cibiya guda, AACOMAS, wadda ake tura wa komai ita kuma ta rarraba. Makarantun suna ɗauka ne bi da bi, wanda ya riga zuwa ya tarar da gurbi, saboda haka tun watan Yuni yarinyar ta gama. Ta yi makonni tana bin wata likitar DO a ɗakin duba marasa lafiya, domin wasu makarantun suna son takardar shaida daga hannun nasu. Kowace makaranta kuma sai ta aiko da nata tambayoyin da nata kuɗin, kuma kusan duk sai sun tambaya me ya sa take son ostiyofati. Mun ba ta shawara ta rubuta cewa tun tana ƙarama take mafarkinsa. Ta ce, “Baba, ba haka aka yi ba.” Ta rubuta abin da ta gani a wajen likitar nan, muka ji kunya muka yi shiru.

Makarantu uku suka rage a hannunmu. Ta farko sabuwa ce fil, tafiyar sa'a biyu daga gidanmu, ita ce kuma ta fara amsawa, a watan Oktoba. Ta nemi kafin alƙalami na dala 2,000 kafin tsakiyar Disamba, kuɗin da ba a mayarwa. Wanda ya taɓa kwana da yunwa ba ya raina tuwon da aka fara miƙo masa, muka biya. Ta biyu tsohuwa ce, ta haura shekara ɗari, a wata jiha mai nisan tafiyar yini guda a mota, ta amsa a Janairu. Ta uku ta gwamnatin jiharmu ce, ta fi sauƙin kuɗi, amma a jerin 'yan jira ta sa ta, kuma har aka gama ba ta kira ba.

Mu dai zuciyarmu tana ga ta farko. Mun je mun gani: gini na gilashi, mutum-mutumin roba masu numfashi da kuka, ɗakin salla har da wurin alwala. Ga shi za ta iya zuwa gida duk ƙarshen mako, abin da ya fi damun mahaifiyarta ke nan, ɗiya mace ita kaɗai a garin da ba mu san kowa ba. Muna cikin yaba kujeru, yarinyar ta ɗaga hannu ta tambayi jami'in da ke zagayawa da mu inda ɗalibai ke yin shekara ta uku. Ya ce suna da asibitocin haɗin gwiwa a jihohi da dama. Ta ce guda nawa ne, kuma wa ke nema wa ɗalibi wuri? Ya ce ana kan shiryawa. Ta tambayi yawan waɗanda suka ci jarrabawar COMLEX, wato jarrabawar iznin aikin likitocin DO, da inda ɗalibansu suka sami horon ƙwarewa. Ya ce ai ba su yaye kowa ba tukuna. Mun ji kamar mu tsawata mata, don a tarbiyyarmu baƙo ba ya titsiye mai gida.

A mota ta warware mana. Shekara biyun farko a aji ake yi, kuma littattafan duk ɗaya ne. Biyun ƙarshe a gefen gadon majinyaci ake yi, kuma yawancin waɗannan makarantu ba su da babban asibitin koyarwa na kansu, sai su rarraba ɗalibai. Wani ya dace da asibiti mai likitoci masu koyarwa, wani ya yi ta yawo da akwati daga gari zuwa gari, yana biyan haya biyu. Takardun shaidar da za su sama mata horon ƙwarewa kuwa daga can za su fito. Ta ƙara da cewa masu neman fannoni masu wuyar shiga sukan haɗa da USMLE, jarrabawar 'yan MD, don har yanzu akwai asibitocin da ke kallon harufan nan a kaikaice. A tsohuwar makarantar, ginin ya tsufa, bututun ɗumama ɗaki yana ƙara, amma an miƙa mata takarda mai sunayen asibitoci da yawan ɗaliban da kowanne ke ɗauka, ta kuma yi waya da ɗalibai biyu na shekara ta huɗu ba tare da wani jami'i a kusa ba.

Saura maganar kuɗi, wadda ba mu da bakin yin fahariya a kanta. Karatun ya fi ƙarfin albashinmu, rancen gwamnati kuma da kuɗin ruwa yake. Mun tambayi malamai biyu, muka sami amsa biyu. Muka sayar da filin da muka saya a gida don ginin tsufa, ya ɗauke shekara guda da wani abu, sauran ta ci bashi, mu kuwa muna ta istigfari. Dala 2,000 ɗin nan ma ta tafi, mun rubuta wasiƙa har sau biyu, aka amsa mana da ladabi cewa mun sa hannu.

A watan Yuli na 2023 muka kai ta. A 2025 ta shiga asibitin da aka rubuta mata a takardar nan, shi ɗin dai, ba wani ba. Da ta zo hutu ta tarar da wuyan mahaifiyarta ya sanƙare, ta kwantar da ita a kan tabarma ta yi ta lallaba wurin da yatsu har ya saki. Ana cikin haka Hajiya, kakarta, ta kira ta bidiyo, ta ƙura ido tana kallo. Can ta ce, “Ke 'yar nan, allurar fa, an koya miki ko sai baɗi?”

“An koya mini, Hajiya.”

“To madalla. In kin zo ki taho da duka biyun, gwiwar nan ta ƙi jin magani.”