Tattabarun da Ba Su da Mai Su

A Kano tattabara dukiya ce. Da ita yaro ke fara kiwo kafin ya kai ga akuya. Kashinta taki ne, 'yan shilarta kuma farfesun mara lafiya. A Faransa kuwa tattabarun birni ba su da mai su, sai dai wanda suka sauka a rufinsa ya ɗauki ɗawainiyarsu.

Ina zaune a hawa na ƙarshe na wani tsohon gida a Paris, irin ɗakunan da ɗalibai ke iya biyan hayarsu, dab da rufin kwano. Wannan rufi mai launin toka abin alfaharin birnin ne, har UNESCO ta sa sana'ar masu yin sa cikin al'adun da ake adanawa a Disamba 2024. Amma kashin tattabara na cin ƙarfe, gashinta da tsinkayen sheƙarta na toshe indararo. Ruwa ya rasa hanya, sai ya biyo bango ya shigo ɗaki. Mu na sama mu ne farkon jiƙewa.

Wani ɗan'uwana a Lyon, inda rufin tsofaffin unguwanni na jan yumɓu ne, ya sha irin wannan. Matarsa ta saba watsa ragowar shinkafa a baranda da niyyar sadaka, kamar yadda ta ga mahaifiyarta na yi a Maraɗi. Cikin wata guda tattabarun suka tare, maƙwabciyar ƙasa ta kai ƙara wurin masu kula da gidan. Dokar tsaftar birni ta hana ciyar da su, kuma tarar na iya kaiwa yuro 450.

Abin da na gani yana aiki ba shi da yawa. A hana su abinci, a rufe kwandon shara. A sa raga a baranda bayan an nemi izinin mai gida, a jera tsinkayen ƙarfe a bakin taga, a toshe ramukan da suke shiga. Mujiyar roba da faifan CD kwana kaɗan suke tsoratar da su. Guba kuwa zalunci ne, ba ta ware tattabara da kyanwar maƙwabci.

Hukumar Paris ma ta bi ta lalama. Tun 2003 ta fara gina musu gidaje na musamman, na farko a Porte de Vanves, inda ake girgiza yawancin ƙwai don kada su ƙyanƙyashe.

Har yanzu kukansu da asuba na tuna min soron kakata, ban kuma iya ƙin su ba. Amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Can gida tausayi shi ne watsa musu gero. A nan tausayi shi ne rufe musu ƙofa tun ba su yi ƙwai ba.