Bala da Ɗinkin Tamfol

Bala shi ne shugaban wani rukuni na 'yan Sikawut su 6 a wata makarantar firamare ta Zariya. Da hutun damina ya gabato, malaminsu ya ce za su je su kwana uku a gindin dutsen Kufena. Rukunin Bala kuwa ba su da tanti. Sai suka yi karo-karo, suka sayi yadi mai kauri irin na tamfol.

Faɗin yadin inci 60 ne, watau ƙafa 5, ba zai rufe mutum shida ba. Saboda haka suka yanko ƙyalle biyu, tsawon kowanne ƙafa 12, don a haɗa su gefe da gefe. Wannan mahaɗi shi ne gadon bayan tamfol. Shi ke hawa bisa igiya in an kafa, rabi ya sauka dama, rabi ya sauka hagu.

Bala ya ari keken ɗinkin yayarsa, ya haɗa bakin ƙyallayen, ya bi su da ɗinki sau ɗaya tak. Kafin la'asar ya gama, yana ta murna.

A dare na biyu hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi. Ɗinkin nan ya fara ɓarkewa daga wajen ɗaurin igiya, ya yi ta tafiya har tsakiya. Ruwa ya zubo musu, barguna da garin tuwo duk suka jiƙe. Sani, ƙaraminsu, ya kwana yana rawar ɗari, da safe aka mai da shi gida da zazzaɓi. Bala bai ɗora wa iska laifi ba, don ya san hannun da ya yi ɗinkin.

Da suka komo, ya ɗauki tamfol ɗin ya kai wa wani tsohon tela, Malam Garba. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, ina na yi kuskure?"

Malam Garba ya duba, ya ce, "Ɗana, sauri ya haifi nawa. Duk jan igiya da bugun iska a kan gadon baya su ke ƙarewa. Zare ɗaya ba zai ɗauki wannan kaya ba. Zauna, da hannunka za ka gyara."

Ya sa shi ya farke tsohon ɗinkin, ya datse inda ya zare. Sa'an nan ya ɗora ƙyalle ɗaya bisa ɗaya, bakin na ƙasa ya zarce na sama da rabin inci, ya ɗinke. Ya kalmaso dogon bakin ya rufe gajeren, ya kwantar da su, ya sake bi da ɗinki. Mahaɗin ya zama ninki huɗu, da layin zare biyu, ba bakin ƙyalle ko ɗaya a waje da zai zare.

Malam Garba ya ce, "Kada ka matse ɗinkin ƙwarai. Suka bakwai ko takwas na allura a kowane inci sun isa. In ramukan sun yi kusa da juna, nan yadi zai yage." Ya kuma sa shi ya ɗinka maho mai kauri a ƙarshen gadon bayan duka biyu, inda a ke ɗaura igiya. Daga bisani suka goga kakin zuma a kan zaren, don ya toshe ramukan allura.

Aikin ya ci kwana biyu. Bala ya kafa tamfol a tsakar gida, ya kira Sani, wanda ya riga ya warke, ya ce ya zauna a ciki. Ya kwara bokiti uku na ruwa a bisa. Sani ya fito a bushe yana dariya.

Taken 'yan Sikawut shi ne zama cikin shiri. Daga ran nan Bala ya gane shiri ba a daji a ke yinsa ba. A gida a ke yinsa, tun sama tana garau.