Kwana uku a Zangon Kumasi

Duk wanda ya je hutu ƙasar Gana, wuraren da ake fara nuna masa sanannu ne. A Akara akwai kabarin Kwame Nkrumah da babban masallacin unguwar Kanda, wanda Turkawa suka tallafa aka gina, aka buɗe shi a 2021. A gaɓar teku kuma akwai kurkukun bayi na Elmina da Turawan Fotugal suka kafa a 1482, inda mutum ke fitowa jikinsa a sanyaye. Na zaga su cikin mako guda, sun kuma cancanci zuwa. Amma kwana ukun ƙarshe na keɓe su ne domin Kumasi, saboda wani dattijo a unguwar Aboabo wanda ban taɓa gani ba, ko da yake na tashi ina jin ana ambatonsa a gidanmu tamkar ƙanen uba.

Asalin zumuncin goro ne. Kakana yana cikin fataken da suka bi hanyar Gwanja har suka zauna a Kumasi, a can aka haifi mahaifina, a can ya gaji rumfa. Shi kuwa wannan dattijo Bagwanje ne, allonsu ɗaya tun suna yara. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama wa'adin mako biyu ya bar ƙasar. Mahaifina, wanda bai san wani gari ba sai Kumasi, ya wayi gari baƙo. Ya hau mota da iyalinsa da akwati guda, ya bar wa amininsa makullin rumfa da sunayen waɗanda yake bi bashi. Babu takarda, babu shaida. Shekara uku mutumin nan yana karɓo bashin yana aikowa Kano ta hannun direbobin goro, har ya kammala. Da wannan kuɗi aka sayi gidan da aka haife ni. Da abin ya juyo a 1983, gwamnatin Shagari ta kori 'yan Gana, babban ɗansa da ke koyarwa a Kano a ɗakin zaurenmu ya zauna har ƙura ta lafa.

Daga Akara zuwa Kumasi kimanin kilomita 250 ne, amma cunkoso ya sa muka yini a hanya. Na same shi a kan buzu bayan la'asar, ido ya yi rauni. Da na yi sallama sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Sake faɗa." Na sake. Ya ce, "Muryarsa ce. Zo nan, ɗana." Ya riƙe hannuna bai saki ba har aka kira magariba.

Hausar Zango tana da daɗin ji, ba ruwanta da bambance mace da namiji, don haka da aka ce mini "Hajiya ya zo" sai da na waiga ina neman Alhaji. Hajiyar ta cika ni da abinci: da safe koko da ƙosai, da rana shinkafa da waken nan da suke dafawa da karan dafi suna kira wace, wanda yanzu duk Gana ke ci, har an manta sunan daga bakin Bahaushe ya fito.

Hirar dare ce ta yi mini nauyi. Ya shiga tambayata abokansu da aka kora tare, ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu da laƙabinsu da irin goron da kowa ke saye. Na ce, "Baba, ya rasu." Ya ambaci wani, na maimaita. A na shida ya daina tambaya, ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a gaba ɗaya. Jikokinsa suna gefe suna latsa waya, suna hira da harshen Tuwi, kuma na lura ba su san dalilin da ya sa aka kwashe kayansu aka ba wannan baƙo ɗaki ba. Nawa 'ya'yan ma da ke Kano haka za su yi. Dokar Busia da ta Shagari sun kasa raba gidajen nan biyu, amma a ganina rashin sanin juna zai iya raba su cikin ruwan sanyi da zarar tsohon nan ya kau. Ga shi tun 1979 yarjejeniyar ECOWAS ta yarda ɗan Najeriya ya shiga Gana ba biza har kwana 90, abin da iyayenmu ba su samu ba lokacin da suka fi buƙata.

Ranar tafiya ya matsa sai ya raka ni tasha, jikansa yana jan sandarsa. Ya miƙo mini ƙunshin goro a ganye, ya ce in kai wa mahaifiyata, in ce mata daga rumfar nan ne. Sannan ya ce, "Ka turo mini babban ɗanka ya yi azumi a nan. Kada ka ce sai baɗi, ni ban da baɗi a hannu." Na ce, "To, Baba." Ina dawowa Kano, washegari na kai yaron ya ɗauki hoton fasfo.