Yadda nake nemo hoton gona cikin dubban hotunan waya

Duk mai noman rani a Kura ko Bunkure wayarsa cike take da hotuna: shinkafa, tumatir, albasa, rasit ɗin taki, ga na biki da WhatsApp ke zubowa kullum. Ranar da kake neman hoto ɗaya tak, sai ka yi ta jan allo har yatsa ya gaji.

Wani zai ce ai Google Photos na da wurin bincike. Haka ne, amma sai ka san sunan abin da kake nema. Wanda ganyen tumatirinsa ya fara ƙonewa bai san sunan cutar ba. So yake ya gwada da hoton bara, ya nuna wa malamin gona kafin ya zuba kuɗi a maganin da ba shi ba. A 2016 da tsutsar Tuta absoluta, wadda muke kira sharon, ta cinye tumatir a Kadawa, mu nawa ne muka san sunanta da farko?

Shi ya sa na tsara nawa yadda ruwan Tiga ke iso mana: babban kanal ya rabu zuwa ƙanana, har ruwa ya shiga gonar kowa.

A manhajar Files by Google na buɗe folda mai suna Gona. A cikinta akwai shekaru, 2023, 2024. Kowace shekara ta rabu biyu, Rani da Damina. Ƙarƙashinsu sai amfanin gona, sannan Ganye, Ƙwari, Rasit. Danna biyar, na iso inda hotuna kaɗan ne, ido ya ƙarasa aikin.

Google Photos ba ya bari ka sa album cikin album, shi ya sa na zaɓi folda. Ita ma tana da nata cikas: hoto ɗaya wuri ɗaya yake zama. Mai kwamfuta ya gwada digiKam, kyauta ce. Ana liƙa wa hoto alamomi masu rassa, sai ya fito ƙarƙashin Tumatir, ya kuma fito ƙarƙashin Ƙwari.

Shawarata, kada rassan su wuce biyar, kuma duk Juma'a a kwashe sababbin hotuna a kai su mazauninsu. In suka taru, wallahi ƙyuya ce za ta hana.