Hannun Biro Ya Kama Sifana

Ba sha'awa ce ta kai ni ƙarƙashin mota ba, aljihu ne. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin da nake ware wa gareji suka koma gidan mai, albashi kuwa yana nan inda yake. Abin da ya fi ba ni wuya a farko ba aikin ba ne, kunya ce. Ma'aikacin ofis, magidanci, a gan shi kwance kan buhu a ƙofar gida, maƙwabta suna wucewa suna "sannu da aiki" da wata irin murya. Don haka da asuba nake yi, kafin layi ya tashi.

Da juyen baƙin mai na fara, motar tawa Corolla ce 'yar Kwatano, ba ta da rigima. A bar inji ya ɗan yi ɗumi don man ya tsinke, a tara tsohon kwano, a kwance noti, a sauya filta, a shafa wa robar sabuwar ɗan mai, a ɗaure da hannu kawai, a mayar da noti, a zuba sabon mai. Shi ke nan aikin da na yi shekaru ina biya ina kuma godiya. Farin garin nan da ke taruwa a kan batir har mota ta ƙi tashi, ruwan kanwa da tsohon buroshin haƙori ke cinye shi, don kanwa tana kashe kaifin asid. Daga kicin na ɗebo, uwargida tana kallona tana dariya. Da hunturu kuma filtar iska nake cirewa in kakkaɓe, ƙura ce ke shaƙe ta mota ta riƙa shan mai.

Daga mota hannun ya shiga gida. Famfon da ke ɗiga dare da rana, 'yar roba ce ta cinye, na samo ta a kasuwar Ƙofar Ruwa. Kwanon rufi na bi ramukan ƙusa da kwalta kafin damina. Birki da wayar wuta dai ban taɓa su ba, ba kuma zan taɓa ba. A nan rai ake magana.

Sai dai akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Kuɗin da na yi tsiminsu daga bakin wani na ɗauke su. Kwanan baya na kai motar gyaran birki, bakanikena ya share hannu da tsumma ya ce, "Yallaɓai, kwana biyu. Ko mun yi laifi ne?" Yaransa uku suna zaune kan benci, babu mota ko ɗaya a gabansu sai tawa. Na ce masa zama ne kawai ya yi tsada. Da ya faɗi kuɗin aiki ban taya ba, ni da a da sai mun kusa faɗa. Juyen mai kuwa har yanzu a gida nake yi.