Murjanin Maigida da Bekin Sodata

'Yar'uwa, murjanin da muke ɗaurawa a wuya, ashe wata 'yar halitta ce ke gina shi a teku. Maigidana yana kiwon danginsa a akwatin gilashi mai ruwan gishiri. Kullum sai ya ɗiga musu ruwan kalsiyam da na soda, don da su suke gina ƙashinsu. Kwalaben kamfanin Red Sea yake saya, ga tsada.

Da na ji ɗaya kwalbar kusan bekin sodar kicin ce, sai na ce, "Haba Alhaji, mu haɗa da kanmu mana." Ya yarda, amma ya ce a auna da sikeli, kuma kada soda da kalsiyam su haɗu a mazubi ɗaya, alli suke zama.

Ran nan soda ta ƙare, na ɗebo bekin foda. Ashe da sitaci a cikinta. Ruwa ya koma kamar farau-farau, murjani ya ƙi buɗewa har kwana 3, sai da muka canja ruwa. Alhaji bai yi faɗa ba, wallahi shirun nan ya fi min ciwo.

Yanzu ni ke haɗa sodar, na rubuta sunanta a jikin gwangwani. Kalsiyam kuwa na kamfani muke saya, don na kasuwa ba mu san me aka gauraya masa ba.