Kar a yi wa katin fomate

Jama'a, mu masu ɗaukar hoton biki da suna, daga Maraɗi har Damagaram, mun san wannan faɗuwar gaba: kyamara na nuna hotuna, an sa katin memwar a kwamfuta, babu ko ɗaya. Sau da yawa birus ne, irin wanda ake kwasowa a sibar, ya ɓoye jakar DCIM. Hotunan suna nan, sai a buɗe ɓoyayyun fayil.

Gaggawa ce ke ba mu tsoro. In kwamfuta ta nemi fomate, a ƙi. Kar a ƙara ɗaukar ko hoto guda, sabo kan tsoho yake hawa, kuma wataƙila hoton Kaka na ƙarshe ne a ƙasan. PhotoRec kyauta ne, yakan tono su. A ajiye abin da ya fito cikin kwamfuta, ba kan katin ba.